Dami na Huɗu

Da sunan Allah nake buɗe wannan shafi, ina roƙonSa ya riƙe mini hannu kada ya karkace inda gaskiya ta yi nauyi. Ɗiyana, ku ukun nan kun tashi kuna jin ana cewa Tankari ne ya kashe mana gonar Bakin Dutsi. Kun ji a bakin rijiya, kun ji a bakin babanku Illa, har kun ɗauka kun zuba a kunnen naku ɗiyan. Ranar layyar da ta wuce ina zaune ina wanke kayan ciki, na ji Isuhu yana nuna wa baƙonsa tudun daga nesa yana cewa can ce gonarmu da wani ɗan haya ya lalata da ramuka. Na ajiye wuƙa, nama bai ƙara shiga bakina ba ranar. Tankari ya daɗe a ƙasa, ba shi da bakin kare kansa. Ni kuwa da na koyi baƙi da tsufana a ajin yaƙi da jahilci, ban koya don in riƙa karanta allon shaguna ba. Ga kaye, littafin rubutu, ga alƙalami, ku yi haƙuri da rubutun.

Shekarar da ubanku ya rasu, yayanku, wanda ba na kama sunansa, yana da goma sha ɗaya, Rabi bakwai, Isuhu kuwa bai daɗe da yaye ba. Gona biyu ya bar mana. Ta jigawa ƙarama ce, kusa da gari, ita nake iya nomawa da hannuna. Ta Bakin Dutsi babba ce a ido, amma fako ce, jar ƙasa mai tauri kamar bayan tukunya. Ruwa in ya gangaro daga dutsi gudu yake ya bi ta kanta ya wuce, ko sannu ba ya ce mata. Ubanku da kansa ya yi shekara biyar bai kai mata hauya ba. Duk da haka gonar kakanku ce, kuma ita ce kaɗai abin da zan nuna da yatsa in ce ga gadon marayu. Ba ta ba ni ko ƙwaya, amma da ita nake ɗaga kai a gari.

Tankari mutumin unguwar gabas ne, dogo, marar magana. Kakanninsa azna ne, ko da yake shi a sahun farko yake sallah. Ubansa ya sayar da gonarsu a wata shekarar yunwa, shi ya sa ya tashi ba shi da ƙasa ko tafin hannu, ga matarsa Zali, ga ɗiya biyar. Ya yi rani uku yana aikin furoje na raya ƙasa wajen Keita, inda ake jera duwatsu ana tare ruwa, can ya koyo abin da ya koyo. Da na fita takaba ya zo ya yi sallama, ya tsuguna daga bakin ƙofa.

“Uwar marayu, na zaka neman hayar gonar Bakin Dutsi.”

Dariya ta kuɓuce mini, karo na farko tun rasuwar. Na ce, “Tankari, duwatsu za ka shuka, ko kiwon ƙadangaru za ka shiga?”

Ya ce, “Hatsi.”

Munka je gaban maigari. Ku yara na yanzu ba ku san yadda abin yake ba, bari in faɗa muku. A wurinmu in an ba da gona haya, hatsi na mai noma ne, kara na mai gona. Haka munka tarar. Da an gama girbi mai gona zai sa a kwashe karan, ya yi darni, ya ba dabbobi, ya hura wuta. Abin da ya rage kuma, da bazara ya je ya share ya toye, gona ta fito fes tana jiran ruwa. Anka yanke dami uku duk kaka, ina murna a raina, don ko dami ɗaya aka ce zan karɓa. Har maigari ya ɗaga hannu zai shafa fatiha, Tankari ya yi gyaran murya.

“Ranka shi daɗe, da sauran magana guda. Karan nika so a bar mini a ƙasa. Kada a kwashe, kada a toye. In ƙara dami guda a kai.”

Maigari ya sauke hannu ya dube shi. “Kai, yau ga abu! Mutum shi sayi shara da hatsi?”

Mutanen zaure sunka kwashe da dariya. Ni kuwa na yi maza na ce na yarda kafin ya farga, ina cewa a raina Allah ya kawo mini wawa har gida. Anka tashi a kan dami huɗu, uku na gona, ɗaya na kara. Ku riƙe wannan da kyau, da bakina na sayar masa da karan nan, a gaban shaidu.

Duk ranin nan shi da Zali suna can, rana na dukansu. Ba garma, ba huɗa, bai juya ƙasar ba sam. Ramuka yake gina da diga, kowane kamar faɗin ƙwarya, ya tara ƙasar ta gefen gangara don ta tare ruwa, shi ne abin da ake kira tassa. Zali kuwa ta bi lungu-lungu da tsohon kwando tana tsintar kashin awaki da na jakuna, ta ɗauka a ka har Bakin Dutsi, su zuba tafi biyu a kowane rami. Sunka jera duwatsu layi-layi a gicciye. Da kaka kuma ya sare karan ya shimfiɗa shi a kan ramukan kamar mai rufa wa yaro bargo. Gara ta zo ta cika wurin. Mu da muke ganin gara mu ɗauko toka, shi murna yake. Na taɓa wucewa na ce masa, Tankari, baƙinka sun cinye maka shimfiɗa. Ya ce, “Bar su, gara ita ce garmata, ita ka huda mini ƙasa ruwa shi shiga.” Na ce to, Allah ya ba da sa'a, na wuce ina taɓe baki.

Bakin nawa bai daɗe a taɓe ba. Shekarar farko ya ɗaure dami goma sha biyar a fakon da ko ƙaya ba ta so. Ta biyu ya haura arba'in, har mutane na tsayawa a hanyar Allakaye suna kallo. Kuma ko zangarniya ba ta shiga rumbunsa sai ya fara kawo mini huɗuna a ka. Huɗun nan su ke raba mu da yunwar tsakiyar damana, lokacin da na jigawa ya ƙare sabo bai nuna ba. Gidan Zali ma ya canza. Yaran sunka yi kumatu, ta sayi tunkiya, babban ɗansu ya shiga lakol, makarantar boko, har da takalmi. Ta fara zama cikin mata tana dariya da ƙarfi, ita da a da take raɓewa a bayan taro. A cikin ramukan kuma 'yan gawo sunka tsiro daga kashin awaki, Tankari bai tuge su ba, sai ma ya gyara musu rassa ya ɗaura wa kowane tsumma don kada a sare. Wallahi a lokacin ban ji komai ba sai daɗi.

Sai Illa. Kun san babanku Illa, ƙanen ubanku, abokin wasana ne, kuma Allah ya ba shi baki. Ba zan ɗora masa kayana ba, amma ba zan ɓoye nasa ba. A ranin shekara ta uku ya shigo da hantsi, na dama masa hura, ya sha rabi ya ajiye ludayi.

“Matata, kin je kin ga gonarku kuwa? Ko in ce gonar Tankari?”

“Illa, sha hurarka ka bar ni, ban da lokacin wasa.”

“Ba wasa nika ba. Wa ya jera dutsi? Shi. Gawo nawa ya bari? Na ƙidaya da kaina, sha tara. Tun da uwarki ta haife ki kin taɓa ganin ɗan haya ya raini itace a gonar wani? Mai itace ai shi ne mai ƙasa. Shekara nawa ke nan ba a ga hayaƙin gidanmu ya tashi a gonar ga ba. Gobe in ya tahi meri, wurin hukuma, ya ce shi ya raya ta, anka kira shaidu, mi za su ce sun gani? Hannunki ko nashi? Ki yi ta karɓar dami huɗu, ranar da ɗiyanki za su girma su tarar da takarda da sunanshi.”

Ya tashi ya bar ni da ragowar hura. Maganar hayaƙin nan ba ƙarya ya yi ba. Da bazara in ka hau tudu za ka ga hayaƙi nan da can, kowa ya san wannan na gidan wane ne, wancan na gidan wane, gonar da ba ta yi hayaƙi ba kuwa ko masu ita sun ƙare ko sun tashi. Ni kuma a lokacin ban san baƙi ba, kalmar takarda kaɗai ta isa ta hana ni cin abinci. Na shiga tsoro, tsoro na gaske, wanda ke sa mutum ya ga maƙiyi a fuskar mai kawo masa alheri. Ga mata a bakin rijiya su ma da nasu. Wata ta ce gonar marayu ta zama juji, wata ta karɓe ta ce da mai gidan na da rai ai da ba a ga haka ba. Na naɗe gugana na bar musu rijiyar, ni da ba a taɓa kayar da ni a baki ba. Kuma in gaya muku gaskiya, darnin gidanmu ya zube har awakin maƙwabta na shigowa, ina kallon kara jibge a gonata ba ni da ikon taɓawa, wannan ma yana cina.

Za ku ce me ya hana in tambayi Tankari. Ba ya gari. Ya tafi Madawa aikin albasa, kamar yadda ya yi bara. Kafin ya tafi sun zuba takin shekara guda cur a ramukan, sun rufe da kara, don da ruwa ya sauka sai shuka kawai. Zali tana nan, tsakanina da ita bai fi tafiyar shan ruwa ba. Girman kai ya hana ni. Ni mai gona in je in tsuguna gaban 'yar haya in ce don Allah ba ku da niyyar cinye mu? Na ce ina, ba da ni ba.

Kwana biyu ina bin hanyar bayan gari ina ɗebo karan ƙunshi-ƙunshi, wanda ya gamu da ni in ce masa daga jigawa nake. Na tayar da darni sabo, tsaf. Ranar kasuwar Allakaye, gari ya watse, na ɗauki manjagara da alimeti, wato ashana, na tafi. Allah shi ne shaidata, hayaƙi kaɗai nake so. Na ce in tara ɗan tsibi a kusurwar gabas in toye, masu dawowa daga kasuwa su gani su ce gidan marigayi sun taɓa gonarsu, shi ke nan. Na tara, na ƙyasta. Illa bai ƙyasta ba, matan rijiya ba su ƙyasta ba, ni na ƙyasta. Wutar ta kama lafiya lau, ina tsaye ina kallo har da ɗan jin daɗi. Sai iskar bazara ta juyo, irin mai zuwa ba sallama, ta ɗebi karan da ke ci ta watsa cikin gona. Wayyo ni! Na manta gonar nan ba irin tamu ba ce da ake share gefe a bar fili. Ita gaba ɗayanta shimfiɗa guda ce, busasshiya, daga wannan kai zuwa wancan. Na karyo reshen sabara ina duka ina salati, in kashe nan can ya tashi, bakin zanena ya kama, tafin hannuna ya toye. Da na ga ta haye layin dutsi na uku na yar da reshen, na ɗauki manjagarata na gudu ta cikin kwari.

Kara ya cinye cikin sa'a guda, amma taki ba ya ci da sauri. Kwana biyu ramukan nan suna hayaƙi a hankali, ɗaya bayan ɗaya, duk gari na gani. Ga hayaƙin da nake nema ya samu, fiye da yadda na roƙa, ga ni a ɗaki na ja ƙyaure ina addu'ar kada kowa ya ce nawa ne. Ba wanda ya ce. Gari ya riga ya sami amsarsa, wanda ya tara kara shi ya kira wuta. Wasu sunka ce dama abin da ba a gada ba ba ya ƙarewa lafiya, wasu sunka tono maganar kakanninsa. Illa ya shigo ya dubi tsumman da ke hannuna, na ce murhu ne, ya ce Allah ya sawwaƙe, bai ƙara ba.

Rana ta huɗu Tankari ya sauka daga kamyo, babbar motar kaya, bai shiga gida ba ya wuce gona. Munka bi shi jaje, har da ni, ku ji ƙarfin hali. Munka tarar da shi tsugune gaban wani ɗan gawo da ya zama gawayi, yana murza tokar wani rami da yatsu. Wurin baƙi ƙirin, duwatsu kaɗai ke tsaye. Kowa ya yi masa sannu, ni ma na yi.

Ya ce, “Wanda ya ba da shi ya karɓa. Uwar marayu, ki yi haƙuri, gonarki ta toye a hannuna.”

Ni yake ba haƙuri. Na ce ba komai, ƙaddara ce. Na ji muryata ta fito daidai, ko rawa ba ta yi ba, har yau ina mamakin muryar nan.

Ya nemi taki bai samu ba, kowa ya kai nasa gona, lungunan ma an tsince. Iskar da ke zuwa kafin ruwa ta kwashe tokar ta cika ramukan da yashi. Ruwa ya sauka, anka yi shuka, sannan sama ta ɗauke kwana ashirin. A shekarun baya irin wannan ɗaukewar ba ta damun Bakin Dutsi, ƙarƙashin karan nan da laima ko da sauran gonaki sun yi yaushi. A bana ramukan tsirara suke, cikin kwana huɗu sunka bushe ƙayau. Ya sake shuka, ta mutu. Ya sake, iri ya ƙare. Ranar nan da la'asar ina tsince wake Zali ta yi sallama, ta zauna a bakin turmi, ƙwarya a ƙarƙashin mayafi. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Munka gaisa, ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta fito da ƙwaryar.

“Yaya, iri nika nema, ko tiya guda. In Allah ya kai mu kaka in maido.”

Na shiga na auno mata tiya biyu, na ce ba sai ta maido ba. Ta riƙe ƙwaryar ta fashe da kuka.

“Ke kaɗai ce ba ki yi muna dariya ba a garin ga. Yaya, wata bakwai ina ɗaukar kashin awaki a kaina. Gashin tsakar kaina ya ƙare, duba ki gani. Malam ya ce in bar wa Allah, na bar mishi, amma ban yafe ba. Wanda duk ya sa wutar ga, Allah ya isa tsakanina da shi.”

Ta dube ni tana jira, don haka ake yi, in mutum ya yi addu'a a gidanka sai ka amsa. Na ce amin. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, to nawa ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa ranar nan. Na raka ta har bakin darni, ta dafa shi ta gyara takalminta, ta tafi tana sa mini albarka.

Damanar nan ta yi musu tsawo. Tunkiya ta tafi kasuwar Buza ba ta dawo ba. Yaron ya bar lakol. Tankari ya shiga ƙwadago a gonakin mutane don abin da za a dafa a ranar, tasa gonar sai da yamma yake leƙa ta, ciyawa ta rufe abin da ya tsira. Ina ganin Zali da 'yan matanta suna dawowa daga daji da anza, 'ya'yan itacen nan da ake ci don yunwa, su jiƙa ta kwana da kwanaki don ɗacin ya fita. Sau nawa na ɗaura zane zan je in faɗa, in kai bakin ƙofa in dawo. Ina tsoron maigari, ina tsoron a ce in biya abin da ba ni da shi a taɓa gadonku, amma babban tsorona bakin mutane ne. Na fi son a ci gaba da ce mini uwar marayu mai haƙuri. Da kaka ya ɗaure dami tara, tara kacal, ga baki bakwai a gida.

Ya je gaban maigari ya mayar da gona, ya ce ba shi da ƙarfin sake ta daga farko, zai kwashi iyalinsa su yi kudu. Abin da ya biyo baya ku ma kun gani da idonku, sai dai ba ku san kansa ba. Illa ya karɓi gonar ya ce zai riƙe muku. Ya kawo garmar shanu, duwatsu sunka hana ta tafiya, ya sa anka kwashe su anka zubar a gefe, ya huɗe ramukan. Damana biyu ruwan dutsi ya sami ƙasa a tone ba abin da ya tare shi, ya tsaga ta gida biyu, ya bar mana kwazazzabon da kuke nuna wa baƙi. Tankari kuwa bayan shekara shida labari ya zo ya rasu yana dako a wata kasuwa can cikin Najeriya, manomin da ban taɓa ganin irinsa ba ya mutu da buhun wani a ka. Amma ba wannan ne ya fi tsaya mini ba, abin da ya faru kafin su tashi ne.

Da hantsi ne, kuna jigawa kuna tsintar wake, ni kaɗai ce a gida. Na ji sallama, na leƙa, ga Tankari da dami a ka. Ya sauke, ya koma, ya kawo na biyu, ya kawo na uku. Damunan ƙanana ne, zangarniyar duk ta tsumbure. Ina tsaye ina shirya magana, in ce haba Tankari, bana ai ba shekarar haya ba ce. Kafin in buɗe baki ya juya ya fita. Na ce a raina alhamdulillahi, ya tsaya a uku. Can sai ga shi da na huɗu. Wannan bai ajiye shi tare da sauran ba, ya kai shi jikin sabon darnina ya jingine. Ya tsaya ya shafa darnin da tafin hannunsa, a hankali, daga sama har ƙasa. Mutumin da ya sare karan nan ɗaya bayan ɗaya da hannunsa, ina zai kasa gane shi?

Ya ce, “Darni ya yi kyau. Karan ga na da ƙwari, za shi yi miki shekara biyu.”



Ya nuna damunan da ke ƙasa. “Ga ukku na gona.” Ya dafa wanda ke jingine. “Wanga kuma na kara ne, kamar yadda munka yi gaban maigari.”

Ya dube ni, karo na farko da ya taɓa kallon tsakiyar idona, ba fushi a fuskarsa, jira kawai yake. Na gane abin da yake yi. Bai zo tona ni ba, da ya so da ya yi tun bazara. Kalma ɗaya yake so, ko ba kalma ba, in ce ɗauki wannan, ba haƙƙina ba ne, mu biyu mu san abin da muka sani. Da na faɗa, da ya koma wa ɗiyansa da dami shida maimakon biyar, da kuma ya bar garin nan ya san akwai mutum ɗaya da ya san ba shi ya kashe gonar ba kuma ya yarda ya faɗa. Amma na lissafa a tsaye, cikin ƙiftawar ido, cewa in na ƙi karɓar na huɗun nan na amsa laifi ke nan. Kunya ta kama ni, kuma ita kunyar ce ta rufe mini baki.

Na ce, “An gode. Allah ya sa albarka.”

Ya gyaɗa kai. Ya ce, “A gaida yara.” Ya sa takalminsa ya fita. Kwana tara bayan nan sunka hau kamyo da tabarmi da tukwane, ban je rakiya ba, na ce zazzaɓi nake.

Damin ya kwana uku a jikin darni ban taɓa shi ba. Na ce zan aika musu, na ce zan yi sadaka da shi, na ce abubuwa da yawa. Rana ta huɗu kaji sunka fara tsattsagarsa, na ɗauke na kai rumbu. Da damana ta zagayo, na jigawa ya ƙare, ukun ma sunka ƙare, shi kaɗai ya rage a ƙasan rumbu. Ni na sauko da shi, na sussuke, na sheƙe, na daka, na tuƙa. Kwana goma sha ɗaya ya yi mana. Kun ci, Rabi ta ce tuwon ya fi na kullum daɗi, Isuhu har da lashe akushi yana neman ƙari. Ni ma na ci.